Abin da kusu ya koya wa likitoci a kan jininmu

Duk wanda ya taɓa yin jinka ya san cewa bunu ba ya zama bisa tsaiko sai da igiya. In igiya ta tsinke, iskar farkon damina sai ta kwashe rufin, ko da kuwa sandunan na da ƙwari. Haka nan Allah ya gina jajayen ƙwayoyin jinin da ke gudana a jikin ɗan Adam, kuma da taimakon kusu, wanda waɗansu ke kira ɓera, masana suka gane aikin wannan igiya.

Yadda aka gina ƙwayar jini

Jar ƙwayar jini aba ce ƴar mitsitsiya; sai an jera fiye da 100 kafin su cika milimita guda. Siffarta kamar faifai ce mai loɓawa a tsakiya. Ana yin ta a cikin ɓargo, tana kai iska ga sassan jiki har kwana 120, tana lanƙwashewa tana kutsawa ta hanyoyin da suka fi ta ƙanƙanta, musamman a cikin saifa. Abu uku ne ke ba ta wannan ƙarfi: fatar da ta rufe ta, da wata raga a ƙarƙashin fatar wadda aka sa wa suna sipektirin a shekarar 1968, da kuma maɗaurin da ke haɗa su. Wani masani na Amurka, Vann Bennett, shi da abokin aikinsa suka bayyana maɗaurin a shekarar 1979, suka kira shi ankirin, daga kalmar Girkanci mai nufin ƙarfen da ke tsai da jirgin ruwa.

Aikin da aka yi da kusa

A gidan bincike na Jackson, cikin jihar Maine ta Amurka, ana kiwon kusa iri iri domin nazarin gado. Akwai wani dangi daga cikinsu da ake haihuwa da ƙarancin jini mai tsanani da kumburin saifa. A shekarar 1990 aka tabbatar cewa lahanin yana cikin ƙwayar gadon da ke ba da umurnin yin ankirin, wadda ake rubutawa Ank1, a ƙunshin gado na 8. Da yake maɗaurin ya yi ƙaranci, fata na ɓallewa daga raga kaɗan kaɗan, ƙwayar ta dunƙule kamar ƙwallo, ta kasa lanƙwashewa, saifa ta kama ta ta farfasa tun kwananta bai cika ba. A wannan shekara kuma aka sami irin lahanin ga mutane. Yau an san cewa wajen rabin masu ciwon dunƙulallen jini na gado daga nan ciwonsu ya taso. A arewacin Turai yana samun kamar mutum 1 cikin 2,000.

A shekarar 1991 kuma waɗansu masana a Amurka suka sa wa kusa masu lahanin ankirin ko na sipektirin ƙwayar masassarar cizon sauro irin ta kusa, sai suka ga ciwon bai ci su kamar sauran ba. Dalili shi ne ƙwayar masassara cikin jar ƙwayar jini take shiga ta hayayyafa, kuma tana bukatar raga lafiyayya.

Abin da ya shafe mu

Mutanen Junju da na Gaya sun san masassara fiye da kowa, domin yankin yana cikin waɗanda suka fi samun ruwan sama a Nijar, ga kuma fadamar Dallol Mauri inda ruwa ke kwanciya. A Afirka ta Yamma lahanin da ya fi yawa yana cikin ragar ita kanta, ba cikin maɗauri ba, kuma yana mai da ƙwayar jini doguwa kamar ƙwai. Wani bincike da aka buga a shekarar 1996 a kan mutanen ƙasar Benin, maƙwabciyarmu, ya same shi ga mutum 1 zuwa 2 cikin 100, alhali a sauran duniya bai wuce 1 cikin dubbai ba. Masana na danganta wannan yawa da daɗewar masassara a ƙasashenmu, kamar yadda aka sani ga amosanin jini.

Akasarin masu wannan gado lafiyarsu lau, ba su ma san suna da shi ba. Amma yaron da ya gaje shi ta wajen uwa da uba duka yana iya fama da ƙarancin jini tun yana jinjiri: tafin hannu ya yi fari, ido ya yi rawaya, saifa ta kumbura. Sau da yawa iyaye kan ce shawara ce, su yi ta jiƙo, lokaci na wucewa. Abin da ya kamata shi ne a kai yaron gidan likita a duba jininsa da madubi, domin siffar ƙwayoyin ita ce ke nuna ciwon. Ma'aikatan lafiya kuma, in sun ga yaro yana yawan komowa da ƙarancin jini bayan an kashe masassara, su tambayi labarin danginsa.

Kada kuma wani ya ce gadonsa ya tsare shi daga sauro. Kusan da suka jure masassara sun biya da ciwon jini mai nauyi. Kariyarmu tana ga gidan sauro, da maganin rigakafi da ake raba wa ƙananan yara kowace damina tun shekarar 2013, da kuma allurar rigakafin masassara wadda Nijar ta soma a garin Gaya cikin watan Satumba na 2024. Wanda ya iya karatu, ya karanta wa maƙwabcinsa wannan labari.