Ijazar Mai Zanen Gine-gine

Idan ɗalibi ya komo daga Ingila ko Masar ko Turkiyya da shahadar zanen gine-gine, bayan ya shafe shekara biyar ko shida yana tsara benaye a takarda, abin da yakan fara ba shi mamaki shi ne dokar ƙasar nan ba ta yarda ya buga hatiminsa a kan zanen ko da shago guda ba tukuna. Sai ya kai takardunsa Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya an tantance su, ya zauna kimanin shekara biyu a ƙarƙashin wani mai rajista yana rubuta duk aikin da ya sa wa hannu, sa'an nan ya ci jarrabawar ƙwarewa, kafin ARCON, majalisar da doka mai lamba 10 ta 1969 ta ɗora wa wannan alhaki, ta shigar da sunansa.

Waɗansu sukan ɗauki wannan ƙasƙanci ne. Amma wanda ya taɓa ziyartar hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu, ya kuma san cewa wannan bajimin malami, duk da tarin tasnifinsa, sai da ya keɓe littafi guda, Ida'un Nusukhi, domin ambaton shehunan da ya ɗauki karatu a wurinsu, ba zai ga aibi ba a ce wa mai shahada ya durƙusa gaban wanda ya riga shi har ya sami ijaza. Magina ma haka suka gada: yaro yakan daɗe yana cuɗa ƙasa da miƙa tubali kafin a bar shi ya jera azara.

To, me zai koya wanda jami'arsa ba ta koya masa ba? Zai koyi cewa lakar fadamar Kalgo tana kumbura da damina, ta tsage da rani, ta karya harsashin da aka haƙa bisa lissafin wata ƙasa. Zai koyi cewa hadarinmu daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ke fara zaizayewa, kwanon da ba a ɗaure da kyau ba kuwa iska ta yaye shi a daren farko. Zai ga ɗakin da aka yi wa faffaɗar tagar gilashi tana duban yamma ya zama tanderu a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Kuma lalle ne ya fahimci hikimar zaure, wadda ta sa baƙo ke samun karramawa ba tare da idonsa ya faɗa cikin gida ba, domin sutura a wurinmu rukuni ce ta gini, kamar ginshiƙi.

Abin da ke damuna shi ne yawancin ofisoshin masu rajista suna Abuja da Legas da Kaduna, har ya zamana ɗan Kabi yakan ƙare shekarun nan biyu a gaban kwamfuta, bai taɓa murza bulo da yatsa ya ji yashi ya rinjayi siminti ba. Ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi, wadda aka kafa a 2013, a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ga kuma makarantu da ɗakunan shan magani da ake ginawa a ƙauyuka. Ya kamata gwamnatin jihar Kabi ta shardanta wa duk ɗan kwangilar da ta ba irin wannan aiki ya ɗauki ɗaya daga cikin yaran nan, ya tsaya a wurin tun daga haƙar harsashi har ranar da aka buga ƙusar ƙarshe.