Tuƙa Keke Cikin Ruwa Da Sanyi: Suturar Da Ke Kare Jiki Da Waya

Matashin da ke kai saƙon abinci a kan keke a birnin Landan yakan shafe sa'o'i a titi, ko ana ruwa ko ana sanyi. Wayarsa ce ke kawo masa aiki, ita ce kuma ke nuna masa hanya. Idan sanyi ya kama shi, aikin ranar ya tsaya. Idan ruwa ya shiga wayar, kuɗin mako guda na iya tafiya wajen mai gyara.

Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne lulluɓe jiki da rigar leda. Ruwan sama ba ya shiga, amma zufa ma ba ta fita, sai mutum ya jiƙe daga ciki. Da zarar ya tsaya a danja iska ta buge shi, sai rawar ɗari.

Shi ya sa waɗanda suka daɗe a harkar ke saka kaya hawa uku. Ta jikin fata ta zama ta roba-roba irin rigar ƙwallo, domin auduga tana shan zufa ta riƙe. Ta tsakiya suwaita ce mara nauyi mai riƙe ɗumi. Ta waje kuwa ita ce mai tare ruwa da iska.

A rigar wajen ne fasaha ta shigo. A shekarar 1969 Bob Gore, wani injiniya ɗan Amurka, ya gano shimfiɗar da daga baya aka kira Gore-Tex. Tana da ƙananan ƙofofi da ɗigon ruwa bai iya ratsawa, amma tururin zufa na fita ta cikinsu. Wajen saye, a duba lambar da ke jikin rigar: 10,000mm na jure ruwa matsakaici, 20,000mm kuma na jure mai ƙarfi. A juya cikinta a ga ko an liƙe ɗinkin, don ta nan ruwa ke fara shiga.

Ita ma waya tana buƙatar kariya. Alamar IP68 ba lasisin wasa da ruwa ba ce, domin kariyar na raguwa idan waya ta tsufa ko ta sha faɗuwa, kuma garantin Apple bai haɗa da lalacewar ruwa ba. Sanyi ma na rage ƙarfin batir. Mafita ita ce a saka ta a leda mai zif, a aljihun ciki, inda ɗumin jiki zai same ta. Kada a jona caja sai ramin caji ya bushe.

Mai keke a Jos cikin watan Agusta ba sai ya nemi Gore-Tex ba. Rigar ƙwallo, suwaitar gwanjo, rigar ruwa mai launi mai haske da direbobi za su hango, da ledar waya, sun isa su kai shi gida lafiya.