Ƙarancin Ruwan Nono: Hukuncin Shari'a Da Nauyin Da Ke Kan Maigida

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya tanadar wa jariri abincinsa a ƙirjin mahaifiyarsa tun bai iso duniya ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, jama'a, a wannan mako za mu duba wani al'amari da maza da yawa suka ɗauka na cikin gida ne, ba ruwansu da shi, alhali kuwa Shari'a ta ɗora musu kaso mai tsoka na nauyinsa, watau shayarwa da bambancin da ke tsakanin mata wajen yawan ruwan nono.

Sanin kowa ne wata mace takan haihu nono ya yi ta zuba har ya jiƙa zane, wata kuwa ta kwana tana fama, jariri na kuka. Nan da nan sai surutu ya tashi. Uwar miji ta ce nononta ba shi da kyau, kishiya ta yi habaici, maigida ya fita kasuwa ko ofis ya bar baya da ƙura. Ƙarshenta a ɗura wa jaririn sati biyu ruwa ko koko, zawo ya kama shi. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin kuwa rai ne a tsakani.

Mu fara da abin da Littafin Allah ya shimfiɗa. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta sanya cikar shayarwa shekara biyu ga wanda ya so cikawa, ta ɗora ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita a kan uban yaro gwargwadon halinsa, ta hana a cutar da uwa ko uba saboda ɗa, ta halatta yaye kafin lokacin in da yarda da shawara tsakanin iyayen biyu, ta kuma halatta a nemi wata mace ta shayar a biya ta. Aya ta 6 ta Suratuɗ Ɗalaƙi ita ma ta buɗe wannan ƙofa idan al'amari ya yi tsanani tsakanin ma'aurata da suka rabu. Ke nan tun asali Shari'a ta san ba kowace uwa ce za ta iya ba, kuma ba ta mai da rashin iyawar abin kunya ba. Malamanmu na Malikiyya, duk da sun ce shayarwa tana kan matar aure, sun ɗauke mata wannan nauyi in tana da ciwo ko nononta ya yi ƙaranci, sai uba ya nemi mai shayarwa.

Tarihin Manzon Allah (S.A.W.) ma ya ishe mu darasi. Suwaiba ta shayar da shi, sa'an nan Halimatus Sa'adiyya. Masu Sira sun ruwaito cewa Halima ta zo Makka a shekarar fari, nononta ba ya ƙosar da ɗanta, ba sa barci saboda kukansa, har Allah ya yalwata mata albarkacin wanda ta ɗauka. Ɗansa Ibrahim kuma matar wani maƙeri ce a Madina ta shayar da shi. To, in matar da Allah ya zaɓa ta reni Fiyayyen halitta ta taɓa ɗanɗana wannan matsi, wane ne zai yi wa matarsa gori a kai?

Masana lafiya sun bayyana cewa nono kamar rijiya yake, yawan ɗiba shi ke kawo ɓuɓɓuga. Duk lokacin da jariri ya tsotsa, sai ƙwaƙwalwar uwa ta saki sinadari biyu, ɗaya yana sa a ƙera ruwan, ɗaya yana tunkuɗo shi waje. In aka bar nono cike, sai jiki ya rage aiki. Shi ya sa ake son a ba jariri sau 8 zuwa 12 a yini da kwana, har da dare. Shi kuwa sinadarin da ke tunkuɗo ruwan, tsoro da ɓacin rai da zafin ciwo suna tauye shi. Ashe mai yi wa maijego faɗa a kan ƙarancin nono, shi da kansa yake ƙara toshe shi.

Girman mama ba shi ne ma'auni ba, domin galibi kitse ne ke kawo girman. Abin da ya bambanta shi ne yawan abin da maman kowace mace ke iya riƙewa a lokaci guda. Mai ƙaramin ma'aji sai ta riƙa bayarwa a kai a kai, amma in aka haɗa na yini duka, sai a tarar ɗanta ya sha daidai da na wadda ke bayarwa jefi-jefi. Matsakaicin abin da jariri ke sha a watannin farko ya kai wajen kashi uku cikin huɗu na lita a rana, wani ya fi haka, wani bai kai ba, duka kuwa lafiya lau.

A kwana biyu ko uku na farko dakashi ne ke fitowa, ɗan kaɗan, mai kauri, rawaya-rawaya. Al'adar matse shi a zubar hasara ce babba, domin shi ne rigakafin farko na jariri, kuma cikinsa a lokacin bai wuce ya ɗauki 'yan cokula ba. Haka nan gwajin da ake yi na jefa kiyashi cikin nono don a gane mai kyau da marar kyau, ba shi da tushe a addini ko a likitanci. Alamar ƙoshi ita ce jariri ya yi fitsari kamar sau shida a rana bayan kwana biyar, ya kuma mai da nauyin da aka haife shi da shi cikin kamar mako biyu. Kuka kaɗai ba shaida ba ne. Sau da yawa matsalar ita ce kamun, watau ya kama kan nono kawai bai cika bakinsa ba, sai uwa ta tsage, shi kuma bai ƙoshi ba. Ungozomar asibiti takan gyara wannan a zama guda.

Amma fa akwai ƙarancin gaske, wanda ba laifin kowa ba ne. Zubar jini mai yawa wajen haihuwa yakan lalata wata 'yar tsoka a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa wadda ke ba da umarnin yin nono. Ragowar mabiyiya a mahaifa, da ciwon sukari, da larurar maƙoƙo, da tiyatar da aka taɓa yi a mama, da wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa, duka suna iya ragewa ko jinkirta shi. Wata kuma haka Allah ya halicce ta. Irin wannan asibiti za a kai ta, ba wurin mai sassaƙe ba. Mai yawan nono ita ma tana da nata: mama ya sanƙare, ya yi ja, zazzaɓi ya rufe ta. Magani shi ne a ci gaba da bayarwa a nemi likita, ba a janye yaro ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a sa jariri a nono cikin sa'a ɗaya da haihuwa, a ba shi nono zalla wata shida, a ci gaba tare da abinci har shekara biyu ko fiye, abin da ya yi daidai da wa'adin Alƙur'ani. Ko a tsakiyar bazara ba ya bukatar ruwa, domin kusan kashi 88 cikin ɗari na nono ruwa ne. Duk da haka, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata shida ke samun nono zalla. Tahniki sunna ne, amma shafa ɗan zaƙin dabino ne a dasashi, ba ɗura ba. Zuma kuwa ba a ba yaro sai ya shekara.

Madarar gwangwani tana da ranarta in likita ya ga larura, sai dai tana son tafasasshen ruwa da tsabta da awo daidai. Wanda ya tsinka ta don gwangwani ya daɗe ya sa ɗansa cikin yunwa. Barnar da tallar wannan madara ta yi a ƙasashe matalauta ce ta sa Babban Taron Lafiya na Duniya ya kafa ƙa'idar tallarta a 1981.

In kuwa aka zaɓi mai shayarwa, to a duba lafiyarta, musamman ƙanjamau, sa'an nan a tuna shayarwa tana haramta abin da nasaba ke haramtawa. A Malikiyya ko tsotsa ɗaya ce ta isa ciki cikin shekara biyun nan ta haramta aure, Shafi'iyya kuwa sun ce sai biyar. Saboda haka a rubuta wanda ya sha da wadda ta bayar, a sanar da dangi, kada bayan shekara ashirin a raba auren da ya riga ya yi 'ya'ya. Tsoron ruɗewar nan ne ya sa Majalisar Fiƙihu ta Jidda ta hana kafa rumbun tara nonon mata a 1985.

Game da azumi, Risalar Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa mai shayarwa in ta ji wa ɗanta tsoro, ba ta sami wadda za ta ɗauka haya ba ko yaron ya ƙi karɓar wata, sai ta sha, ta rama, ta ciyar da mudun Annabi ɗaya a kan kowace rana. Wadda ta yi kwanika kuwa, nononta bai zama dafi ba. Ya inganta cewa Annabi (S.A.W.) ya yi niyyar hana kusantar mai shayarwa, sai ya lura Rumawa da Farisawa suna yi ba ya cutar da 'ya'yansu, ya fasa. Nonon yakan ragu, amma ba dalili ba ne na yaye na rana ɗaya.

To, maigida, ga naka. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai shayarwa tana bukatar ƙarin abinci: wake, gyaɗa, zogale, ƙwai, nama, fura da nono. A yi hattara da kunun kanwa, domin likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun danganta yawan shan kanwa da kwanciya kan gadon wuta da ciwon zuciyar masu jego tun shekarun 1970. A rage mata aiki, a kare ta daga bakin dangi.

Shugaban ofis da mai kamfani su ma su sani Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 12, da rabin sa'a sau biyu a rana don shayarwa. Jihar Legas ta mai da na ma'aikatanta wata shida a 2014, Kaduna ta bi sawu. Uwa tana iya tatsa a mazubi mai tsabta a ba yaro da kofi. Yakan kai sa'a huɗu a wuri mai sanyi-sanyi, kwana huɗu a firji. Wanda ya hana ma'aikaciya wannan dama, haƙƙin jinjiri ya ci, ranar Lahira kuwa ba a ɓoye fayil.

Allah ya raya mana zuriya bisa Sunna, ya saka wa iyayenmu mata da Aljanna, ya ba mu ikon sauke amanar da ya ɗora mana. Amin.