Ɗinkin Gida da Ya Tashi Sama

Kusan kowace unguwa tana da irin mai ɗinkin nan da ba ta da shago, ba ta da allon suna, kekenta na cikin ɗaki kusa da taga. Idan aka je biki sauran mata suna kallon amarya, ita kuwa idonta yana kan rigar wata baƙuwa: ina aka tsaga wuya, tattara nawa aka yi a ƙugu, yaya aka yi hannun ya zauna bai ja ba. Wani lokaci har sai ta matsa ta gaida mai rigar, don dai ta samu ta shafa bakin yadin ta ji ko an sa shafi. In ta dawo gida ba za ta taɓa atamfar mutane ba tukuna. Ragowar ƙyalle za ta nemo ta yanka 'yar ƙarama, ta gwada wa autar gidan, ta warware, ta sake. Sai ya zauna daram sannan almakashi ya shiga yadi mai tsada.

Kusan haka Lilian Bland ta ƙera jirgin sama. An haife ta a Kent ta ƙasar Ingila a 1878, amma a Carnmoney, arewa da birnin Belfast a tsibirin Ailan, ta zauna da mahaifinta da gwaggonta. Tun kafin zancen jirgi an san ta da abin da mutanen garin ke ɗaga gira a kai: tana sa wando, tana shan taba, tana hawan doki irin hawan maza, tana kuma rubuta wa jaridun Landan labarin wasanni haɗe da hotunan da ta ɗauka da kanta. Ɗaukar hoton tsuntsayen teku a gaɓar Sikotilan ya sa ta daɗe tana lura da yadda suke shawagi ba tare da kaɗa fiffike ba. A 1909, shekarar da Louis Blériot ya tsallaka ruwan da ke tsakanin Faransa da Ingila da jirginsa, wani kawunta ya aiko mata kati mai hoton jirgin daga Faris.

Bikin da ta je shi ne taron masu jirage na Blackpool, a watan Oktoba na wannan shekarar. Jama'a sun je kallon tashi, ita ta je da littafin rubutu. Ta zagaya jiragen tana duba tsawo da faɗi, da irin lanƙwasar fiffike, da inda aka ɗaure waya, da yadda aka dasa inji. Da ta koma gida sai ta fara da ƙyalle, wato wani ɗan jirgi mai fikafikai hawa biyu, faɗinsa kamar ƙafa 6, ta ɗaura masa igiya ta sake shi a iska. Da ya tashi lafiya sai ta kama babban, ta sa masa suna Mayfly. Faɗin fikafikansa ya haura ƙafa 20. Gora da katako ne ƙashinsa, akoko ne fatarsa, kan keken hawa kuma shi ne sitiyarinsa.

Wurin gwajin ne ya fi burge ni. Ba ta sayi inji ba sai da ta tabbatar jikin zai ɗauki nauyinsa, kuma ba ta da ma'aunin da za ta auna haka. Sai ta kai jirgin kan tudun Carnmoney ranar da ake iska, ta samu wasu 'yan sanda da yaron da ke aikin lambun gidansu suka rirriƙe shi. Iska ta zo ta ɗaga shi har ƙafafunsu suka bar ƙasa, 'yan sandan suka saki ba shiri. Lissafin a bayyane yake: abin da ya ɗaga ƙarti zai ɗaga inji da mace ɗaya.

Injin daga kamfanin A. V. Roe na Manchester ta yi odarsa, mai ƙarfin doki 20, a kan fam 100. Da ya yi jinkiri ta tsallaka ruwa ta ɗauko abinta da kanta. Tankin mai bai iso ba, ita kuwa ba mai jira ba ce, sai ta ɗaura kwalbar wiski a madadinsa, ta ari ƙahon da gwaggonta mai nauyin kunne take karawa don ta ji magana, ta mai da shi mazurari. Duk mai ba da labarin Lilian a nan yake tsayawa ya yi dariya, kuma lallai abin dariya ne. Amma ina ganin kwalbar nan ta cuce ta, don ta sa ana ɗaukar aikin kamar wasan 'yar masu kuɗi da ta yi sa'a. Haka ake yi wa mai ɗinkin gida: a ga ta yi alama da guntun sabulu saboda alli ya ƙare, a mance da awon da ta yi sau uku kafin ta yanka. Wasiƙun da Lilian ta riƙa aika wa mujallar Flight cike suke da awo da zane da bayanin abin da ya karye da yadda ta gyara. Girgizar injin kwance notuna take yi, dole ta bi jirgin gaɓa-gaɓa tana ƙarfafa shi.

Bambanci ɗaya dai, riga in ta matse a hammata warwarewa ake yi, mai ita ta yi mita ta haƙura. A nan kuwa mai ɗinkin ce da kanta za ta shiga cikin abin da ta ɗinka, ƙafa 30 sama da ƙasa.

Wajen ƙarshen Agusta 1910, a filin Lord O'Neill da ke Randalstown, Mayfly ya tashi. Tafiyar ba ta da tsawo, mafi nisa kamar rubu'in mil, amma ta isa ta sa ana lissafa Lilian a matsayin mace ta farko da ta tsara jirgi, ta ƙera shi, ta kuma tuƙa shi. Ita kanta da farko ba ta gaskata ba. In ta sauka sai ta ruga baya ta bi sawun taya a cikin ciyawa, ta nemo inda sawun ya yanke da inda ya sake fitowa. Harry Ferguson, wanda daga baya ya yi suna da taraktocin noma, ya riga ta tashi a Ailan da 'yan watanni kawai, ranar ƙarshe ta 1909.

Ta so ta mai da abin sana'a, har ta buga talla cewa za ta ƙera wa mai so jirgi daga fam 250. Kasuwar ba ta buɗe ba. Ita ma ta san gora da akoko ba za su jure babban inji ba, kuɗin da za a yi wanda ya fi shi kuma babu. Mahaifinta, wanda kullum zuciyarsa ke hannu, ya ce zai saya mata mota Ford in ta bar tashi, ta amince. Dattijon ya ɗauka ya zaunar da ita ke nan. Ta koya wa kanta tuƙi, ta zama dillaliyar motocin Ford a Belfast, kuma kafin 1911 ta ƙare ta yi aure, daga bisani ta bi mijinta zuwa dajin Quatsino a tsibirin Vancouver na Kanada, inda suka sare kurmi suka yi gona. A 1935 ta dawo Ingila ta kama aikin lambu, ta rasu a Cornwall a 1971 tana da shekara 92.