Rediyo Ɗaya, Ƙofofi Da Yawa: Darasin Wayar Iska Daga Kafanchan

KAFANCHAN — Tun daga shekarar 1927, lokacin da aka haɗa layin dogo na gabas da reshen da ya nufi Jos, garin Kafanchan ya zama mahaɗar matafiya da kayan kasuwa. Shekaru tamanin bayan haka, a 2007, garin ya sake zama wata irin mahaɗa, yayin da Gidauniyar Fantsuam ta fara rarraba intanet ta wayar iska daga unguwar Bayan Loko da sunan Zittnet, wanda ake lissafa shi a matsayin na farko irinsa a yankunan karkara na Nijeriya.

Gidauniyar, wadda aka kafa a 1996 kuma Dokta John Dada ya jagoranta, ta faro ne da ba mata ƙananan rance da koyar da aikin na'ura mai ƙwaƙwalwa. Da yake babu wayar tarho abin dogaro a yankin a wancan zamani, sai ta kafa farantin tauraron ɗan Adam irin na VSAT, wanda kuɗin hayarsa na kowane wata ya fi ƙarfin ofis guda. Maganin da aka gano shi ne a raba hanyar da makarantu, asibitoci, wuraren kwana da sauran ma'aikatu, kowa ya ɗauki wani ɓangare na nauyin. Cibiyar binciken raya ƙasashe ta Kanada, IDRC, ta ba da tallafi, kamfanin IT+46 na ƙasar Suwidin kuma ya taimaka da tsara aikin. Aka kafa hasumiya mai tsawon mita 45, aka tanadi batura da hasken rana saboda rashin tabbas na wutar lantarki, masu amfani kuma suna sayen katin shiga kafin su hau.

Lissafin da ya fuskanci masu wannan aiki shi ne wanda ke fuskantar kowane mai otal a Kagoro, mai shagon intanet a Zonkwa ko dillalin citta a Kwoi: kowane akwatin rediyo da aka ɗora a kan ƙarfe kuɗi ne na saye, kuɗi ne na wuta, kuma abu ne da tsawa za ta iya ƙonawa. Don haka tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, ayyuka nawa rediyo ɗaya zai iya ɗauka. Amsar ba a jikin ƙarfen take ba, tana cikin manhajar da ke sarrafa shi.

Zuciyar na'ura

Kowace na'ura, daga babbar kwamfuta har ƙaramin akwatin rauta da ke rataye a bangon shago, tana da tsarin sarrafawa, kuma a tsakiyar wannan tsari akwai zuciyarsa, wadda masana ke kira kanel. Ita ce ke raba lokaci da wurin ajiya tsakanin manhajoji, ita ce kuma kaɗai ke magana da sassan ƙarfe ta hannun ƙananan manhajoji da ake kira direbobi. In kanel bai san katin rediyo ba, katin da babu duk ɗaya ne.

An fitar da ƙa'idar wayar iska ta 802.11 a 1997, sannan a 1999 aka fitar da 802.11b mai gudun megabit 11 a daƙiƙa, wadda ta sa Wi-Fi ya shiga kasuwa sosai. A shekarun farko, kusan kowane direba a kanel na Linux, wanda Linus Torvalds ya soma a 1991, yana tafiyar da al'amarin wayar iska ne ta hanyarsa, wasu kamfanoni kuma sun ɓoye bayanan katunansu. Sakamakon haka, mai saye yakan biya kuɗin kati ya tarar ba ya aiki, ko kuma yana karɓar hanya amma ba ya iya rarraba ta.

Sauyi ya zo a watan Yuli na 2007, shekarar da Zittnet ya fara aiki, yayin da aka shigar da sashen mac80211 cikin Linux 2.6.22. Wannan sashe ya tattara ayyukan da duk katunan ke bukata a wuri guda, kamar neman tasha, gabatar da kai da shirya saƙonni, ya bar wa direba aikin motsa ƙarfe kawai. A 2008 aka shigar da direbobin ath5k da ath9k na katunan Atheros, waɗanda ƙananan masu rarraba intanet suka fi so saboda araha. A ɓangaren FreeBSD kuwa, fitowa ta 8.0 a watan Nuwamba na 2009 ta zo da aikin Sam Leffler, wanda ya mai da kowace hanyar wayar iska abin da ake ƙirƙira a kan katin rediyo gwargwadon bukata.

Ƙofar ƙarfe da ƙofar manhaja

A da, kati ɗaya ƙofa ɗaya ce. A sabon tsari, kanel yana ɗaukar katin a matsayin gida, sannan ya huda masa ƙofofin manhaja, waɗanda ba a ganinsu da ido amma sauran na'urori suna ɗaukarsu tamkar na gaske. Kowace ƙofa tana da sunanta da ake gani a wayar hannu, da lambar shaidarta, da kalmar sirrinta. Rediyon yana sanar da su ɗaya bayan ɗaya cikin sauri, kanel kuma yana duba lambar da ke kan kowane saƙo ya miƙa shi ga ƙofar da ta dace.

Amfanin wannan ga ɗan kasuwa a fili yake. Mai otal zai iya buɗe ƙofa ɗaya ga baƙi masu katin shiga, ta biyu ga ofishin akanta da na'urar karɓar kuɗi, ta uku ga kyamarorin tsaro, duk a akwati guda. In aka ɗaura kowace ƙofa a kan nata layin na cikin gida, bisa ƙa'idar 802.1Q, baƙon da ke ɗaki ba zai iya leƙa littafin ciniki ba. Haka nan kati ɗaya zai iya zama mai karɓa daga hasumiya ta wata ƙofa, kuma mai rarrabawa ga maƙwabta ta wata. Akwai kuma ƙofar saƙa, bisa ƙa'idar 802.11s da aka tabbatar a 2011, inda akwatuna ke miƙa wa juna saƙo daga rufi zuwa rufi ba tare da kowanne ya hangi hasumiya ba, abin da ya dace da ƙasa mai tuddai irin ta kudancin Kaduna.

Waɗannan dabaru sun iso hannun talaka ne ta wata hanya ta daban. Rautar Linksys WRT54G, wadda ta shiga kasuwa a ƙarshen 2002, da Linux aka gina ta, kuma lasisin Linux ya tilasta wa kamfanin fitar da rubutun manhajar a 2003. Daga nan aka samu OpenWrt a 2004, wanda ke mai da rauta mai araha ta yi aikin mai tsada. Kamfanin MikroTik na ƙasar Latbiya, wanda akwatunansa suka yaɗu a shagunan intanet na Nijeriya, shi ma a kan kanel na Linux ya gina tsarinsa na RouterOS.

Inda gizo ke saƙa

Sai dai ƙofa ba ta ƙara faɗin gida. Duk ƙofofin da ke kan rediyo ɗaya iska ɗaya suke rabawa, kuma galibi a zango ɗaya suke zama. Kowace ƙofa tana aika sanarwarta kusan sau goma a daƙiƙa, saboda haka yawan ƙofofi yana cin lokacin da ya kamata a ba saƙon abokan ciniki. Akwatin da ke karɓa kuma yana rarrabawa da rediyo ɗaya yakan rasa kusan rabin gudunsa, domin kowane saƙo sau biyu yake hawa iska. Bugu da ƙari, in rediyon ya mutu, duk ƙofofin tare suke rufewa. Kafanchan ta ga babban misalin haɗarin dogara ga abu guda a 2008, lokacin da iska mai ƙarfi ta kayar da hasumiyar Zittnet, abokan hulɗa suka rasa hanya gaba ɗaya har sai da aka sake tsai da wata.

Akwai kuma batun tsaro. A 2017 masanin nan Mathy Vanhoef na ƙasar Beljiyam ya bayyana wata ɓaraka a tsarin kulle na WPA2, wadda aka toshe ta hanyar sabunta manhaja. Akwatin da kamfaninsa ya daina fitar masa da gyara yana nan da ɓarakarsa komai yawan ƙofofin da aka buɗe a kansa.

Kasuwar ta sauya ƙwarai tun zamanin VSAT. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, igiyoyin MainOne da Glo-1 na ƙarƙashin teku sun fara aiki a 2010, Starlink kuma ya fara sayar da hanyarsa a ƙasar a watan Janairu na 2023. Amma ko daga ina hanyar ta fito, mataki na ƙarshe zuwa hannun mai saye sau da yawa Wi-Fi ne, kuma raba farashi tsakanin maƙwabta yana nan da ribarsa kamar yadda yake a 2007.

Saboda haka abubuwa huɗu ne ya kamata ɗan kasuwa ya tantance kafin ya biya kuɗin akwati: ƙofofi nawa yake iya buɗewa a lokaci guda, ko yana raba layin baƙi da na ofis, ko yana da rediyo biyu domin a karɓa da ɗaya a rarraba da ɗaya, da kuma ko har yanzu ana fitar masa da gyaran manhaja. Na biyar kuwa ba a kwali yake ba, wato samun matashi a garin wanda zai iya saita shi ya kuma gyara shi, irin waɗanda makarantar Cisco da Fantsuam ta buɗe a Kafanchan ta horar.