TSOHUWAR ASKA DA TSOHUWAR TAKARDA: Abin da Ya Sa Ake Tsare Tarihin Magani da Fiɗa

Ana roƙon hakimai, Allah ya ja zamaninsu, da malaman da ke riƙe musu littattafai, su karanta wannan 'yar takarda da natsuwa, sa'an nan su bayyana wa dagatai da masu unguwa abin da ke cikinta. Maganar kuwa ta tsofaffin takardu ce da tsofaffin kayan aiki na masu magani, da dalilin da ya sa ƙasashen duniya ke kashe kuɗi wajen tsare su, da abin da ya rataya a wuyanmu game da namu.

Kowa ya san yadda abin yake faruwa. Wanzami ya rasu, 'ya'yansa sun kama wata sana'a, babu wanda ya gaji zabira. Sai a rataye ta a zaure, ɓera ya ci fatar, asake su yi tsatsa, yara su kwashe ƙahoni su yi wasa. Malami ya bar gafaka cike da takardun ɗibbu, ɗaki ya yi yoyo damina guda, tawada ta narke. A ofis kuma in an yi sabon gini sai a kwashi tsofaffin rajistoci a jibge a sito, gara ta yi biki. Ba mugunta ke kawo haka ba. Kowa gani yake yi aikin waɗannan abubuwa ya ƙare.

Gidajen da ake ajiye irin waɗannan kaya iri biyu ne. Akwai gidan ajiyar takardu, inda ake tara wasiƙu da rahotanni da rajistoci da littattafan rubutun hannu. Akwai kuma gidan kayan tarihi, inda ake jera abubuwan da hannu ya ƙera domin jama'a su gani. Takarda ita ke faɗin abin da likita ya yi nufi, kaya kuwa su ke nuna abin da ya riƙe a hannu ya aikata.

LITTAFIN AZ-ZAHRAWI

A ƙasar Andalus, kusa da birnin Ƙurɗuba, an yi wani likita Musulmi mai suna Abul Ƙasim az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen shekara ta 1013 Miladiyya. Ya wallafa babban littafi mai suna At-Tasrif, kashi 30 ne, kashi na ƙarshe kuwa duk a kan fiɗa yake. Ya raba shi gida uku: na fari a kan lalas, watau ƙuna da ƙarfe mai zafi, na biyu a kan tsaga da huji da ƙaho da jinyar rauni, na uku a kan ɗori da mayar da gocewar ƙashi. Duk wanzami ko maɗorin da aka karanta wa sunayen baboban nan ba zai ji baƙon abu ba.

Abin da ya bambanta littafin da waɗanda suka riga shi shi ne zane. Az-Zahrawi bai tsaya ga ambaton kayan aiki da suna ba, ya zana siffarsu, kimanin 200, da wuƙaƙe da ƙugiyoyi da awartaki da almakasai, ya faɗi inda ake amfani da kowane. Ya yi bayanin ɗinkin hanji da zaren da aka murza daga hanjin dabba. A farkon kashin ya yi kukan cewa sana'ar fiɗa ta lalace a zamaninsa, ya kuma gargaɗi almajiransa kada mutum ya sa wuƙa a jikin ɗan Adam sai ya san yadda gaɓoɓi da jijiyoyi suke.

A ƙarni na 12 wani malami, Jerad mutumin Kiremona, ya juya wannan kashi zuwa Latin a birnin Toledo. Daga nan likitocin Italiya da Faransa suka ɗauka, aka yi ɗaruruwan shekaru ana koyar da shi. An buga Larabcinsa da Latin a Oksfod a 1778, aka kuma buga shi da Turanci a 1973.

Nan akwai abin lura ga malamai masu alƙalami. Rubutun az-Zahrawi na hannunsa bai iso gare mu ba, sai kwafe-kwafe. Masu kwafa kuwa ba likitoci ba ne. Wani ya miƙe abin da ke lanƙwashe, wani ya ƙawata wuƙa har ta tashi daga wuƙa ta zama ado. Masanan da suka buga shi sai da suka jera kwafi da yawa gefe da gefe kafin su rarrabe zanen da ya fi kusa da asali. Saboda haka kada a ce tun da akwai kwafin littafi kaza a wani gari, namu ba shi da amfani. Mai yiwuwa namu ne ya tsira daga kuskuren da ya shiga sauran.

ƊAKIN DA AKA MANTA

A birnin Landan akwai wani ɗakin fiɗa na asibitin Sen Tomas, wanda aka yi a 1822 a can ƙarƙashin rufin wata majami'a, domin mata majinyata. A 1862 hanyar jirgin ƙasa ta tashi asibitin, aka toshe ƙofar ɗakin, aka manta da shi kusan shekara 100, sai a 1956 wani mai bincike ya hau ya same shi. Yau an gyara shi ya zama gidan kayan tarihi. Mai ziyara zai ga teburin katako a tsakiya, da akwatin garin katako a ƙarƙashinsa domin tsotse jini, da matakala kewaye inda almajirai ke tsayawa suna kallo, haske kuwa ta tagar sama yake shigowa.

A yawancin shekarun da aka yi aiki a ɗakin nan babu maganin sa barci. Ƙarti ne ke danne majinyaci, gwanintar likita kuwa sauri ce. Sai a 1846 aka nuna wa jama'a a Bostan ta Amurka cewa in mutum ya shaƙi ita, watau wani ruwa mai tashi, ana iya yanka shi bai ji ba. Tsabta kuma ta zo daga baya: a 1867 Yusufu Lista, likita a Gilasgo, ya bayyana yadda wanke rauni da kayan aiki da ruwan kabolik ke hana ruɓa. Watau an rufe ɗakin shekara biyar kafin wannan ilmi ya fito. Almajirin likita da ya tsaya a wurin ya dubi teburin ba ya bukatar doguwar lacca a kan amfanin wanke hannu.

MAGANI DAGA TSOHON LITTAFI

Wani zai ce, to, wannan duk labari ne, wa ya taɓa warkewa da tsohuwar takarda? Ga amsa. A shekarun 1960 zazzaɓin cizon sauro ya fara ƙin jin kulorokwin a ƙasashe da yawa. A 1969 gwamnatin Sin ta ɗora wa wata masaniya, Tu Yuyu, aikin neman sabon magani. Ita da abokan aikinta suka bi tsofaffin littattafan ƙasarsu suka tsamo haɗe-haɗe fiye da 2,000. Wani haki, ɗan'uwan tazargade, ya yi ta fitowa a cikinsu, amma in sun gwada shi, yau ya yi aiki gobe ya ƙi. Sai ta koma ga littafin wani likita mai suna Ge Hong, wanda ya rayu a ƙarni na 4. Ta lura shi bai ce a dafa hakin ba, jiƙa shi ya ce a yi a matse ruwan. Nan ta gane wuta ce ke kashe ƙarfin maganin. A 1971 suka tace shi ba tare da zafi mai yawa ba, ya kashe ƙwayoyin cutar sarai. Shi ne atimisinin, tushen maganin zazzaɓin da ake bayarwa a asibitocinmu yau. An ba ta kyautar Nobel a 2015.

A lura dai ba littafin kaɗai ya yi aikin ba. Littafi ya nuna hanya, awo da gwaji suka tabbatar. Cikin haɗe-haɗen nan 2,000 mafi yawa ba su tsinana kome ba.

NAMU NA GIDA

Ƙasarmu ba ta rasa nata rabon ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Masalihul Insan, a kan abin da ke gyara addini da jiki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce da dama a kan ɗibbu, har da na musamman a kan ciwon ido, da basir, da amfanin filasko. Da Kyaftin Kilafaton ya zo Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema daga Ingila har da likita. Da baƙon ya komo a 1826 ya kawo masa littafin Iƙlidisu na ilmin awo da Larabci, Bello ya yi murna ƙwarai, ya gaya masa cewa da suna da kwafi wanda aka zo da shi daga Makka, amma gobara ta cinye shi. In wuta ba ta ƙyale gidan Sarkin Musulmi ba, ina ga akwatin da ke bayan ƙofar zaurenmu?

Takardun zamanin Turawa da na En'e kuwa, da yawa suna Gidan Ajiyar Takardu na Ƙasa da ke Kaduna, reshen aikin da Dokta Kenneth Dike ya kafa a Ibadan a 1954. A cikinsu akwai labarin yaƙi da ciwon barci. A ƙarshen shekarun 1930 aka fara aikin Anchau a ƙasar Zazzau: aka sare kurmin bakin rafuka inda ƙudan tsando ke zama, aka tattara ƙananan ƙauyuka, aka haƙa rijiyoyi, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Wanda duk za a ba aikin tashin jama'a daga mazauninsu saboda lafiya ko madatsar ruwa, ya kamata ya fara karanta yadda wannan ya gudana, da daɗinsa da ɗacinsa.

Sai rahoton wata-wata, wanda malamai ke cikawa suna ganin wahalar banza ce. A 1963 wani likitan sojan Faransa, Lafesoni, ya tattara rahotannin sanƙarau na shekaru masu yawa daga ƙasashen kudu da Sahara. Da ya jera su sai ga shi cutar tana da yankinta, tana tasowa da rani ta lafa da saukar damina, kuma takan yi babbar annoba bayan 'yan shekaru. Yankin nan, wanda yanzu ake lissafa shi daga Senegal zuwa Habasha, mu muna tsakiyarsa; annobar 1996 kaɗai ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya. Da taswirar nan aka san inda za a kai sabuwar allurar rigakafi da aka fara a 2010. Lambobin da ya yi aiki da su kuwa, asalinsu daga hannun ƙananan ma'aikatan ɗakunan magani suka fito, waɗanda ba wanda ya san sunansu.

Agana ma haka. An shelanta ƙarewarta daga duniya a 1980, likitocinmu matasa ba su taɓa ganinta ba. Abin da ya rage sai tabon lamba a damtsen dattawa, da hotuna, da rajistocin masu yin lamba.

ABIN DA AKE BUKATA

Kada a fahimci wannan takarda a karkace. Ajiye abu daban, aiki da shi daban. Cire beli da aska guda ga jarirai da yawa, da soke ido domin kawar da yana, sun jawo asarar rayuka da makanta, kuma asibiti na da hanyar da ta fi. Wurin ƙarfen cire beli shi ne akwatin gilashi a gidan tarihi, da takardar bayani a gefensa.

Abin da ake so hakimi ya fara yi shi ne tambaya. A bincika gidajen Sarkin Aska da maɗora da unguwarzoma da malaman da aka sani da ɗibbu, a ji abin da ya rage. Ba ƙwace ake nufi ba, kaya na masu shi ne. Malamin hakimi ya rubuta sunan kowane abu da Hausa, da aikinsa, da wanda ya mallake shi, da garinsu, tun dattawan da suka sani suna da rai. Aska marar bayani guntun ƙarfe ce kawai.

Takardu kuwa a ɗaga su daga ƙasa, a nisanta su da bango, a sa su cikin akwatin ƙarfe a ɗaki marar laima, a riƙa dubawa kafin damina da bayanta. Kada a liƙa musu salatif, kada a shafe su da roba mai zafi, gama gyaran nan ya fi ɓarnar muni. Littattafanmu na Larabci da ajami warƙa-warƙa suke ba ɗinki, saboda haka kada wanda bai iya ba ya ce zai jera su. Kalmar da marubuci ya sa a ƙasan shafi ita ke nuna warƙar da ke biye. In akwai mai waya mai kyau, ya ɗauki hoton kowane shafi a bisa tsarinsa. Ƙarfe kuma kada a goge shi da yashi don ya yi ƙyalli.

Rajistar majinyata tana da hukunci na dabam, domin akwai asirin mutane a ciki, na masu kuturta da ciwon sanyi da taɓin hankali, waɗanda jikokinsu ke nan cikin gari. Ba a barinta a zaure kowa ya buɗa, ba a kuma sayar wa mai ƙosai ta naɗe. A kulle ta, a sanar da hukumar lafiya.

Akwai 'yan kasuwa da ke yawo ƙauyuka suna sayen tsofaffin littattafai da kaya da kuɗi kaɗan. A gargaɗi jama'a cewa doka ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasa ba da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ba, wadda aka kafa a 1979. Iyalin da suka ga ba za su iya riƙon kayansu ba, hakimi ya rubuta musu wasiƙa zuwa wuri mafi kusa: gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, ko Gidan Makama a Kano, ko Gidan Arewa a Kaduna, ko ma'ajiyar Waziri Junaidu a Sakkwato. In an kai, a karɓi takardar shaida mai bayyana ko kyauta ce ko ajiya, a ba iyalin kwafi, a bar ɗaya a ofishin hakimi.