Gudun Yada Ƙanin Wani: Juriyar Ƙafa da Ɗawainiyar Iyali a Gabashin Sakkwato

Gabatarwa

Abin da Hausawa ke kira gudun yada ƙanin wani, ko gudun famfalaƙi, shi ne tseren da ba zafin nama ke cinsa ba, sai jimiri. Sunan kansa ya nuna haka, domin gudu ne wanda raggo ba ya kai ƙarshensa. Manufar wannan lacca ita ce a nuna cewa ko da yake mutum ɗaya ake gani a kan hanya, ba shi kaɗai yake gudun ba; bayansa akwai masu ruwa da masu guzuri da waɗanda suka ɗauke masa aikin gida. Za a dubi wannan batu ta fuskar ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo, inda tafiyar ƙafa mai nisa ta daɗe da zama al'ada.

Asalin Tseren

Masanin tarihin Girka, Herodotus, ya ba da labarin wani manzo da aka aika da ƙafa daga Atina zuwa Sparta neman gudummawar yaƙi a shekara ta 490 kafin haihuwar Annabi Isa, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 240. Watau tun farko gudun nesa aikin aike ne, ba wasa ba. Sai a 1896 aka mayar da shi gasa a wasannin Olamfik na farko na zamani a Atina. Tsawon kilomita 42 da mita 195 da ake bi yanzu an fara gudunsa a Landan a 1908, aka kuma tabbatar da shi a 1921. Afirka ta fito fili a wannan fage a 1960, lokacin da Abebe Bikila na Habasha ya ci tseren birnin Rum ba takalmi, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. Shekara talatin bayan haka, a 1990, ɗan Nijeriya Abbas Mohammed ya yi nasa a Legas cikin awa 2 da minti 16 da daƙiƙa 6.

Gadon Tafiyar Ƙafa a Gabashin Sakkwato

Mutanen kwarin Rima ba baƙi ba ne ga wahalar hanya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina Wurno a matsayin ribaɗi, a can kuma ya rasu a 1837. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, shi ma a Wurno ya fi zama, a can ne matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zauna a 1853. Da yake mulki ya rabu tsakanin garuruwa biyu, hanyar Sakkwato zuwa Wurno ba ta rabuwa da manzanni da fatake da almajirai, waɗansu bisa doki, mafi yawa a ƙasa. Haka nan a zamanin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, jajis sukan jagoranci ayarin mata da 'yan mata daga ƙauyuka, su tako da ƙafa don ɗaukar karatu, su kuma koma.

A zamanin Turawa kuwa cin rani ne ya ɗauki wannan matsayi. Ƙidayar da masanin labarin ƙasa Mansell Prothero ya nazarta ta ranin 1952 zuwa 1953 ta nuna mutum fiye da 200,000 sun bi ta hanyoyin fita Lardin Sakkwato zuwa kudu, da yawansu da ƙafa. Abin lura a nan shi ne babu ɗaya daga cikin waɗannan tafiye-tafiye da mutum ke yi shi kaɗai. Akwai madugu, akwai zango, akwai fatoma mai saukar da baƙi, akwai kuma matar da ta daka gero ta shirya guzuri tun kafin asuba. Wannan tsari shi ne ainihin abin da ɗan tseren zamani yake bukata, sai dai sunaye sun sauya.

Abin da Gudun Nesa ke Yi wa Jiki

Jikin ɗan Adam yana ajiye wani nau'in sukari a cikin hanta da tsoka, wanda shi ne makamashin gudu. Wannan ajiya takan ƙare wajen kilomita 30, sa'an nan ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutse. Shi ya sa dabino ko kunu ko 'yar fura mai ruwa-ruwa, idan an ba da su a kan lokaci, sukan raba mai kaiwa da mai faɗuwa. Na biyu, mai gudu cikin zafi yakan zubar da gumi lita ɗaya zuwa biyu a awa guda, tare da gishirin jikinsa. Idan bai sha ruwa ba, zafi na iya kayar da shi har ya halaka. Idan kuma ya cika cikinsa da ruwa zalla ba gishiri, wannan ma yana da hatsari ga ƙwaƙwalwa. Mai gudu da ya fara sambatu ko tangaɗi ba ya iya gane halin da yake ciki. Ɗan'uwan da ya san fuskarsa shi ne zai fara gani.

Yanayin ƙasa ma yana da nasa hukunci. Gudun nesa ya fi daɗi a sanyin da bai wuce digiri 15 ba, alhali a Sakkwato zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40. Bugu da ƙari, ƙasar ba ta fi kimanin mita 300 bisa teku ba, yayin da tsaunukan Jos suka kai wajen mita 1,200, garin Iten na Kenya kuwa wajen mita 2,400. A kan tudu iska ba ta da kauri, jini yakan ƙara ƙarfin ɗaukar iskar numfashi, wannan na cikin dalilan da suka sa 'yan Filato suka yi fice a gudun nesa a Nijeriya. Saurayin Rabah ba shi da wannan gata. Abin da yake da shi shi ne sanyin asubar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da ƙafar da ta saba da rairayi.

Ɗawainiyar Iyali

A nan ne matsalar take. Hunturun da ya dace da horo shi ne kuma lokacin noman rani. A fadamun Wurno da Goronyo, musamman bayan kammala madatsar ruwan Goronyo a 1984, watannin nan su ne na dashen albasa da tafarnuwa da ban ruwan shinkafa da alkama. Gidan da ya saki saurayi ya yi gudun awa biyu kowace safiya ya yi rashin hannu ɗaya a gona, ƙaninsa ko wansa ne zai cike gurbin. Tseren birnin Legas, wanda aka fara a 2016, a watan Fabrairu akan yi shi, ana tsakiyar wannan aiki, tafiyar kuwa ta kai kimanin kilomita 1,000. Kuɗin mota da masauki da takalmi na mutum biyu, mai gudu da mai rakiya, daga rumbun gidan za su fito. Manyan kyaututtukan kuwa galibi 'yan Kenya da Habasha ke tafiya da su. Saboda haka iyalin da ya shiga wannan sha'ani da niyyar riba yana iya komawa da nadama. Wanda ya shiga don lafiya da horon zuciya shi ne ya fi kusa da samun biyan bukata.

A waɗansu ƙasashe an mayar da rakiyar iyali wani ɓangare na gasar. Tseren Comrades na Afirka ta Kudu, wanda aka fara a 1921 tsakanin Durban da Pietermaritzburg, ya kusa kilomita 90, dangi kuma sukan jeru a bakin hanya da abinci da ruwa, kowa ya san inda zai tari nasa. Bahaushe ba sai an koya masa wannan ba: zango ne da guzuri.

Sai dai akwai sharaɗin da ya fi duk waɗannan, watau zaman lafiyar hanya. Harin da 'yan bindiga suka kai Tabanni a ƙasar Rabah a 2018, da wanda suka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, sun sa uwaye da yawa ba za su yarda ɗansu ya fita bayan gari da duku-duku ba, kuma babu mai ganin laifinsu. Hanyar da manzo ya bi a ƙarni na 19 ba ta da amfani ga mai tsere idan mai ɗauke masa ruwa yana tsoron binta.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa ƙarancin 'yan tseren nesa daga gabashin Sakkwato bai samo asali daga rashin juriya ba. Zafi da kwari da aikin fadama da halin tsaro su ne suka taru a kai. Idan makarantu da hukumomin wasanni suna son raya wannan fanni, ya kamata su fara da gajerun tsere na kilomita 5 ko 10 a cikin gari, da sassafe, a watannin sanyi, a kuma guje wa ranakun azumi, tare da ma'aikatan lafiya a kusa. Ya kamata kuma a nemi shawarar magidanta tun kafin a sa rana, tun da ba a fafe gora ranar tafiya, kuma su ne za su ɗauki nauyin ruwa da guzuri da aikin da mai gudu ya bari.